Jakin Baba Audi da Waya ta Uku

Ba zan taɓa mantawa da kwanaki biyar ɗin da na yi a gonar Kawu Sale ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, mutanen hanyar Saulawa, inda gonar take, ba za su bar ni ba. Har yau in na wuce a kan babur sai wani ya ɗaga hannu ya tambaye ni lafiyar abokin aikina. Ba mutum yake nufi ba. Za mu zo wurin.

Ni mai aikin wutar lantarki ne. Shekara bakwai na yi a Maƙarfi ina koyon sana'a a hannun Malam Garba mai naɗin koyil, wato wayar da ke naɗe a cikin injinan lantarki, dattijo mai ƙarancin magana, wanda da hanci kawai yake gane injin da ya kusa ƙonewa. Daga nan na je Kaduna wani kwas na sati uku a kan famfunan sola, aka ba ni takardar shaida mai hatimi ruwan zinare. To, wannan takarda ita ta lalata ni. Na dawo Ikara na buɗe shago, na sa aka rubuta mini allo da "Injiniya" a gaban sunana, na sayi farar hular kwano irin ta ma'aikatan kamfani (alhali ba abin da zai faɗo mini a ka a gonar tumatir sai kashin tsuntsu), na kuma daina zuwa gaida Malam Garba, don a ganina zamaninsa ya wuce.

Kawu Sale wan mahaifiyata ne, manomin rani, kuma tumatir ne abincin gidansa. Ni na zauna masa a wuya wata biyu cur, har ya yarda ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu da tsohon injin ban ruwansa mai shan fetur, aka sa masa sola. Na ce masa daga ranar ya rabu da wahala. Ya dube ni ya ce, "Allah ya sa, ɗan nan." Ni kuwa har haushin wannan addu'a na ji, kamar yana shakkar aikina.

Bari in ɗan yi bayani don kada in bar ku a duhu. Faifan sola suna karɓar rana su tura wuta cikin wani akwati da muke kira inbata. Ita inbata tana mai da wutar layi uku, tana kuma ƙara gudun injin ko ta rage gwargwadon ƙarfin rana. Wayoyi uku ne ke fita daga cikinta, U da V da W. Suna bi ta ƙarƙashin ƙasa su je wani ɗan akwatin haɗi da ke ɗaure a jikin turken ƙarfe a bakin rijiyar burtsatse, daga nan su gangara cikin ruwa zuwa ga sumo, wato injin da ke turo ruwan sama. In ɗaya daga cikin ukun nan ta yanke, inbata takan tsayar da komai nan take, ta fito da jan rubutu a fuskarta cewa layi ɗaya ya ɓace. Gata ne take yi wa injin, don wanda aka yi wa layi uku in ya yi gudu da biyu, gurnani zai yi ta yi, ya ɗau zafi, ya ƙone.

Wata biyu abu yana tafiya lafiya. Sai da zafi ya fara shigowa, tumatir ya yi fure gona guda, lokacin da ba ya son ya kwana biyu bai sha ruwa ba, sannan Kawu ya kira ni ranar wata Asabar ya ce ruwa yana zuwa yana ɗaukewa. Na ce masa kada kowa ya taɓa komai. (Dama tun ranar da na haɗa na kafa doka cewa ba mai danna ko da maɓalli ɗaya in ba ni ba. Saboda haka duk sanda inbata ta tsaya, sai a naɗe hannu a jira Injiniya ya taso daga Ikara.)

Na isa da hulata da jakar kayan aiki, na tarar da maƙwabtan gona sun taru. Na duba fuskar inbata, ga jan rubutu. Na juyo na yi wa jama'a lacca ta kusan rabin awa a kan layi uku, rabinta da Turancin da ni kaina ban gama fahimta ba. Daga nan na yi abin da aka koya mana, kuma a nan dai ban yi kuskure ba: na kashe wuta, na jira cajin da ya taru a cikin inbata ya sauka, na cire wayoyin uku, na sa mitar awon wuta na gwada su biyu-biyu. U da V daidai. V da W daidai. U da W daidai. Koyil ɗin sumo lafiya lau, kebur lafiya lau. Na mayar, na ɗaure, na kunna. Ruwa ya taso da ƙarfi, mutane suka ce sannu Injiniya. Ina cikin naɗe wayar mita ruwan ya ɗauke.

A nan ne Baba Audi ya matso. Baba Audi shi ne mai yi wa Kawu ban ruwa, tsoho siriri mai gemu kaɗan, wanda yake wuni a gonar tun daga hantsi har faɗuwar rana. Yana da wani jaki baƙi-baƙi da yake kwaso taki da shi. Ya gaishe ni da ladabin da ya fi ƙarfin shekaruna, sannan ya ce, "Injiniya, ni dai ban san boko ba, amma na lura duk sanda jakin nan ya yi kuka, ruwan sai ya ɗauke."

Wallahi da na yi shiru a nan, da yau ina da sauran mutunci. Amma ina, ga jama'a, ga hula. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce, "Baba, inbata ba ta da kunne. Ko so kake in rubuta wa kamfani in ce jaki ne ke kashe musu kaya?"

Aka kwashe da dariya. Baba Audi ma ya yi murmushi, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ɗauki fartanyarsa ya koma cikin kwamin tumatir. Kawu kaɗai ne bai yi dariya ba.

Ranar sau huɗu ina tayar da ita tana tsayawa. Na yanke hukunci cewa ciwon yana cikin inbata, wani ɓangarenta da ke fitar da layi ɗaya ya fara mutuwa. Washegari na kwance ta daga bango, na naɗe ta da bargo, na goya ta a baya da zanen matar Kawu don kada ta jijjiga, na hau babur sai Kudan, inda wani abokina yake kula da irinta a gonar rake. Duk ƙauyen da na ratsa sai mata su bi ni da kallo, namiji da farar hular kwano da goyo. Wata tsohuwa a bakin hanya har ta ɗaga murya ta ce Allah ya ba yaron lafiya. Na ce amin, don ba ni da lokacin bayani. A Kudan muka haɗa ta da sumon abokina, ta yi awa uku tana zuba ruwa ko tari ba ta yi ba. Kafin in dawo in mayar da ita rana ta yi sanyi, ita kuwa sola ba ta san uzuri ba. Ranar gonar Kawu ko ɗigo ba ta samu ba.

Ranar Litinin na zo da sabuwar dabara. Na ce saiti ne. Na zauna a kan bokiti na yi ta danne-danne, na rage saurin tashin injin, na sake shigar da ƙarfin sumo, na canja abubuwan da na sani da waɗanda ban sani ba. Na kunna. Ruwa ya taso, ya yi ta zuba, awa ɗaya, awa biyu, har la'asar bai tsaya ba. Na cire hula na yi fifita da ita. Na ɗauki bidiyon ruwan na sa a waya kowa ya gani, na rubuta a ƙasa cewa ilimi daban yake da kame-kame. (Da Baba Audi nake, kuma kowa ya gane.) Abin da ban lura da shi ba shi ne, ranar Baba Audi bai zo gona ba. Ya kora jakinsa sun tafi kasuwa.

Ranar Talata Baba Audi ya dawo da jakinsa. Kafin hantsi ya yi zafi Kawu ya kira ni ya ce ruwa ya sake ɗaukewa.

Yanzu kam tsoro ya fara shiga ta. Na tarar da ganyen tumatir ya yi laushi, kwamin da ke can ƙarshen gona, inda ruwa ke isa a ƙarshe, ƙasarsu ta tsage. Kawu yana tafe a tsakaninsu yana duƙawa yana tsintar furen da ya zubo, ya duba a tafin hannu, ya yar. Ganin haka ya fi mini zagi ciwo. Mutumin nan ba shi da shanu, ba shi da injin fetur, duk a kan maganata.

Maimakon tsoro ya sa ni nutsuwa, sai ya ƙara mini hauka. Na ce to tabbas haɗin da ke cikin ruwa ne, inda wayar sumo ta haɗu da kebur, ruwa ya shige shi. A fito da sumo. Kun san abin da ake nufi da fito da sumo? Ƙarti goma Kawu ya roƙo daga gonakin maƙwabta, suka bar nasu aikin, aka yi ta jan bututu da igiya, ana kwancewa gaɓa-gaɓa ana jerawa a ƙasa, gumi kamar an watsa musu ruwa, ni kuma ina tsaye ina ba da umarni. Da sumo ta fito na duba haɗin, ga shi nan garau, a bushe kamar ranar da aka yi shi. Na ɗaga kai na ga idanu ashirin suna kallona. Sai na girgiza kai irin na wanda ya gano mugun abu, na sa wuƙa na yanke lafiyayyen haɗi, na sake yin wani. Aka mayar da sumo, aka gama ana kiran magariba. Wata ranar ta sake tafiya ba ruwa.

A duk wannan bidiri, ɗan akwatin haɗin nan da ke jikin turke yana nan a gabana, tsayin gwiwata. Na jingina da turken, na rataya jakata a kansa, har ƙafa na ɗora a kai ina ɗaure takalmi. Ban buɗe shi ba. Dalili kuwa ɗaya ne: ni na haɗa shi da hannuna, kuma a lissafina duk duniya za ta iya kuskure ban da wurin da na taɓa.

Ranar Laraba da safe aka kunna, ruwa ya zo, ya ɗauke. Na zauna a gaban inbata kaina ya yi zafi. Sai shaiɗan ya tuna mini cewa a cikin saiti akwai wurin da ake kashe wannan kariyar gaba ɗaya, a ce wa inbata ko layi ya ɓace ta yi kamar ba ta gani ba. Na san haɗarin, an faɗa mana a kwas, Malam Garba ma ya faɗa mini tun ina share masa shago. Amma na ce a raina ƙarya inbata take yi, layi bai ɓace ba, ai na gwada. Na shiga wurin, yatsana yana kan maɓalli, sai na ji an riƙe mini wuyan hannu ta baya.

"Kai yaro, sumon kawunka kake so ka gasa?"

Malam Garba ne. Ashe Kawu ya aika masa tun daren jiya bai gaya mini ba. Ya zo a bayan ɗan acaɓa, da tsohuwar rigarsa mai tabon man inji, ba jaka, ba mita, sai sukundireba ɗaya a aljihu. Na durƙusa na gaishe shi, na fara zuba masa bayanin duk abin da na yi, har da zuwa Kudan. Ya saurara har na gama, sannan ya tambayi Kawu wane ne yake wuni a gonar. Aka kira Baba Audi. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida, iyali, zafi, gajiya, har lafiyar jaki, ni ina tsaye ina ƙuna. Daga nan ya tambaye shi ko ya lura da wani abu. Baba Audi ya saci kallona, ya ce shi dai ya faɗi wata magana an ce ba ta hankali ba ce. Malam Garba ya ce ya maimaita masa. Ya maimaita.

Malam Garba bai yi dariya ba. Ya juya ya dubi jakin, ya bi igiyarsa da ido har inda aka ɗaure ta. A jikin turken ƙarfen nan take, ƙasa kaɗan da akwatin haɗi. Baba Audi ya ce tun da zafi ya shigo yake ɗaure shi a nan, saboda inuwar faifan sola tana kaiwa wurin. Da aka tambaye shi me ke sa jakin kuka, ya ce akwai wata macen jaki ta masu ɗaukar yashi da ke wucewa ta hanyar bayan gona, in ya hango ta sai ya fizgi igiya kamar zai tumɓuke turken.

Malam Garba ya ce in kunna. Na kunna, ruwa ya taso. Ya sa aka kawo masa damin harawa, ya tsaya gaban jakin, ya riƙe ta inda bakinsa ba zai kai ba. Jaki ya miƙa wuya, igiya ta miƙe, turke ya ɗan karkata. Ruwa ya ɗauke.

Ya matso masa da harawar, jaki ya koma baya yana ci. Ya ce in sake kunnawa. Ruwa ya taso. Ya ja baya da harawa, jaki ya bi, ruwa ya ɗauke. Sau uku ya yi haka, a gaban Kawu, a gaban ƙartin nan goma da na sa suka ja bututu jiya, waɗanda ban san ya aka yi duk suka hallara ba. A na ukun wani har cewa ya yi a ba shi harawar shi ma ya gwada. Ni kuwa ina tsaye a bakin inbata, aikina kawai in danna maɓalli in jaki ya ba da izini.

Aka kashe wuta, aka jira, Malam Garba ya ciro sukundirebansa ya buɗe ɗan akwatin. U a ɗaure tam. V a ɗaure tam. W kuwa tana zaune ne kawai a cikin raminta, sukurun ko rabin juyi ba a yi masa ba, bakin wayar ya yi baƙi saboda tartsatsi. In turke yana tsaye tana taɓawa, mita ta ce lafiya. In jaki ya fizga ta saki. Ya sa yatsa biyu ya zaro ta kamar ana zare tsinke daga tsire, ya ɗaga sama, ya tambaya a hankali wane ne ya yi wannan haɗin.

Kowa ya san ni ne. Kuma a daidai lokacin na tuna yadda aka yi. Ranar da na haɗa, na ɗaure biyu, ina kan ta uku sai na ga hasken rana ya yi kyau, na miƙa wa wani wayata na ce ya ɗauke ni hoto. Hoto goma sha ɗaya muka yi, wani da hula, wani ba hula, wani ina nuna faifan sola. Muna gamawa aka kawo dafa-duka daga gidan Kawu, na rufe akwati na je na wanke hannu.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Sai ɗaya daga cikin ƙartin ya ce ai shi ya san wannan akwatin, shi ne a jikin allon shagona a Ikara. Gaskiyarsa. Mafi kyawun hotunan nan shi na sa aka buga mini babba a allo: ga ni na durƙusa, sukundireba a kan sukuru na uku, idona a kan mai ɗaukar hoto, haƙora a waje. Wata biyu ke nan ina tallar sana'ata da hoton daidai lokacin da na bar aikin ban gama ba.

Malam Garba ya yanke bakin wayar da ya ƙone, ya feƙe sabo, ya miƙo mini sukundireban ya ce in ɗaure da kaina. Na ɗaure tam. Ya sa hannu ya ja wayar ya ji ta kama, ya mayar da duk saitin da na hargitsa, sannan ya ce a sake gwadawa da harawa. Jaki ya ja, ya yi kuka, ya yi tsalle, ruwa bai ko girgiza ba. Duka aikin bai kai minti goma ba.

Na je wurin Baba Audi na cire hular kwano na ba shi haƙuri a gaban mutanen da na yi masa dariya a gabansu. Ya ce ba komai, ai shi ma bai san turken ne ba, shi dai kuka ya ji. Wannan ya ƙara kashe ni, don ko ramawa bai yi ba.

Gonar ta sha ruwa ranar har yamma, yawancinta ta farfaɗo. Amma kwamin ƙarshen nan furensu ya riga ya zube, kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar bai ba da abin kirki ba a shekarar. Da damina ta zo Kawu sai aron shanu ya yi ya yi huɗa. Bai taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Abin da ya faɗa kawai, ranar da na je ba shi haƙuri a zaure, shi ne, "Ɗan nan, aikinka yana da kyau. Ka riƙa gama shi kafin a ɗauke ka hoto." Na fi son da ya mare ni.

Jakin kuwa tun daga ranar sunansa ya koma Injiniya, kuma yana amsawa. Ni na sa an goge kalmar daga allona, tunda mai ita ya bayyana, amma hoton na bar shi, ina ganinsa kullum in zan buɗe shago. Na koma gaida Malam Garba duk Juma'a. Yanzu duk inda aka kira ni aka ce inbata ta nuna layi ya ɓace, kafin in taɓa saiti, kafin in zargi kamfani, nakan fara da buɗe wurin da ni na haɗa, in ja kowace waya da hannu. Kafin wannan ma nakan nemi wanda yake wuni a wurin, in gaishe shi da kyau, in tambaye shi abin da ya gani. In ya ce akuya ce ke yin atishawa wuta ta ɗauke, ba na dariya. Nakan ce ya nuna mini inda ake ɗaure ta.